Wurin sayar da duwatsun gini a hanyar Fitowa: kayan da ke ciki da yadda ake ciniki

Duk wanda ya fita daga Garwa, a arewacin Kamaru, ya ɗauki babbar hanyar da ta bi ta garin Fitowa ta miƙe zuwa Figil da Marwa, zai riƙa ganin tarin tsakuwa da yashi a gefen titi, kowane tari da mai shi a ƙarƙashin rumfa yana jiran masu gini. Yawancin waɗannan wurare ba su da bambanci da juna, domin tsakuwa ce a jibge, a tambayi kuɗin tifa, a yi ciniki, a loda. Wurin da nake magana a kansa ya fita daban ta fuska guda, wato mai shi ya san duwatsun da yake sayarwa, ya ware kowane iri a gefensa, kuma yana gaya wa mai saye aikin da dutsen zai iya da wanda ba zai iya ba, ko da hakan zai sa a ɗauki mai araha a bar masa mai tsada. Na yi hulɗa da wurin lokacin da muke ginin gida a unguwar Yelwa, tun daga haƙa harsashi har zuwa daɓen tsakar gida, saboda haka na ga alherinsa, na kuma ga inda yake da gyara.

Filin yana da faɗi, kuma katangar da ta kewaye shi da irin dutsen da ake sayarwa a ciki aka gina ta, wanda hakan ya ba mai saye damar ganin yadda dutsen yake komawa bayan ya sha rana da ruwan damina na shekaru. Daga ƙofa akwai manyan duwatsun harsashi, sai tsakuwar inji da aka raba bisa girmanta kamar yadda magina suke kira, 5/15 da 15/25, da garin dutse 0/5, wato girman ƙwayoyin a milimita, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. A can ciki akwai tsakuwar hannu wadda mata suke fasawa da guduma, da falalen duwatsu na shimfiɗa, da farar tsakuwa a buhuna, da burji a ƙarshen fili inda tifa take juyawa.

Abin da ya fi yawa a wurin, kuma ya fi araha, shi ne dutsen yashi, kuma ba abin mamaki ba ne tun da garin Garwa a kansa yake zaune. Tsaunukan Tingilin masu shimfiɗaɗɗen kai da ake hangowa daga cikin gari duk shi ne. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa kimanin shekaru miliyan 100 da suka wuce, koguna sun riƙa kwaso yashi da tsakuwa daga tuddai suna zubawa a cikin kwarin da kogin Binuwai yake bi a yau, wani a kan wani, har nauyin na sama ya danne na ƙasa, sannan ma'adinan da ke cikin ruwa suka shiga tsakanin ƙwayoyin yashin suka liƙe su. Wannan tarihi ana ganinsa da ido a jikin kowane dutse da aka jingina a filin: layi a kan layi, wani ja-ja, wani fari-fari, wani lokaci da jerin ƙananan tsakuwoyi masu santsi a tsakiya, irin waɗanda ruwa ya daɗe yana mirginawa. Duk halayen dutsen daga nan suka samo asali. Yana tsagewa cikin sauƙi idan aka bi layinsa, shi ya sa magini yake sonsa, domin da 'yar guduma zai gyara masa fuska ya zauna daidai. Yana kuma shan ruwa saboda ƙananan ƙofofin da suka rage tsakanin ƙwayoyinsa, wanda hakan alheri ne a ƙarƙashin ƙasa, inda yake riƙe ruwan da rijiyoyin burtsatse suke jawowa, amma a jikin gini abin lura ne.

A nan ne na fara ganin amfanin mai wurin. Da na nuna masa tarin dutsen yashi na ce ina so a fasa mini shi a matsayin tsakuwar ginshiƙai saboda sauƙin kuɗinsa, sai ya girgiza kai ya ce, “Malam, wannan ka kai shi katanga ko harsashi, amma kada ka sa shi inda za a ɗaura rodi.” Daga nan ya ɗauko gutsure biyu, ɗaya na dutsen yashi ɗaya na giranit, ya zuba wa kowanne ruwa daga butarsa. Na yashin ya shanye ruwan nan take ya yi duhu, na giranit kuwa ruwan ya tsaya a kansa har ya gangare. Sai ya murza na yashin da babban yatsa, ƙwayoyi suka biyo hannunsa. Bayaninsa shi ne kankare ba ya fin ƙarfin tsakuwar da ke cikinsa, kuma tsakuwa mai shan ruwa tana janye ruwan kwaɓin tun siminti bai gama kamawa ba. Ya ƙara da wata shawara wadda tsofaffin magina suka sani amma matasa da yawa suke sakaci da ita, cewa a kwantar da dutsen yashi yadda ya kwanta a inda aka haƙo shi, layinsa a kwance, domin idan aka tsayar da shi a kan gefe ruwa zai bi layin ya shiga, ya riƙa ɓare shi falle-falle. Ba kuma duk dutsen yashi ne ɗaya ba. Wanda ya liƙu da kyau yana ƙara idan aka buga masa guduma, mai rauni kuwa sautinsa a dakushe yake fita, kuma a wannan fili ba a hana mai saye bugawa ya ji da kunnensa.

Tsakuwar giranit ita ce kayan da ake alfahari da shi a wurin, ita ce kuma ta fi cin kuɗin mai gini. Asalin giranit narkakken dutse ne da ya huce a can cikin ƙasa sannu a hankali, kuma wannan jinkiri ne ya ba ma'adinansa lokacin girma har suka sarƙe da juna ba tare da barin ƙofa ba. Idan mutum ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya wanke ta ya duba a rana, zai ga abu uku: wani mai kama da gilashi wanda ake kira kwaz, wani fari ko mai ɗan ja wanda ake kira felsifa, da baƙaƙen ɗigo masu ƙyalli. A ma'aunin taurin ma'adinai da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, kwaz yana mataki na 7, felsifa na 6, bakin wuƙa kuwa bai cika kai wa 6 ba, shi ya sa ƙusa ba ta yi wa giranit komai sai dai ta bar zanen ƙarfenta a kansa. Ruwan da yake sha bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Yawancin giranit na arewacin Kamaru ya kai shekaru miliyan 600 ko kusa da haka, wato ya girmi dutsen yashin Garwa nesa ba kusa ba, kuma shi ne ƙashin bayan tsaunukan Mandara, inda mutanen Mafa suka daɗe suna jera dutse a kan dutse ba tare da siminti ba, suna tare ƙasar gonakinsu a jikin tsauni.

Tsakuwar inji da na saya a wurin tana da kyau ƙwarai, mai kusurwa ce, girmanta bai ɗaya, kuma ba ta da ƙasa a jikinta. Kusurwar tana da muhimmanci, domin tsakuwa mai kaifin gefe ta fi riƙe siminti a kan mai santsi irin ta bakin kogi. A cikinta akwai wadda take da ratsin fari da baƙi a jere, kuma mai wurin bai ɓoye cewa wannan ba giranit ba ce zalla, wani dutse ne da zafi da matsi suka sake wa kama a ƙarƙashin ƙasa har ma'adinansa suka jeru layi-layi. Ƙarfinta ya isa kowane ginin gida, sai dai wani lokaci tana fashewa fale-fale, kuma idan irin wannan ta yi yawa a kwaɓi ba ta zama da kyau tsakanin rodi.

Tsakuwar hannu kuwa sai an yi hattara da ita. Ta fi araha, kuma saye daga matan da suke fasa ta taimako ne ga gidaje da yawa, amma ingancinta yana hawa yana sauka daga tari zuwa tari. Dalili na farko shi ne masu fasa dutse da hannu daga saman tsauni suke ɗiba, inda rana da ruwa suka daɗe suna cin dutsen har felsifar da ke ciki ta fara komawa yumɓu, ga shi a ido giranit ne amma da an matsa sai ya marmashe. Dalili na biyu shi ne sukan hura wuta a kan babban dutse don ya tsage, kuma ɓangaren da wutar ta ci yakan yi rauni. Mai wurin ya san da haka, yana kuma faɗa idan aka tambaye shi, amma ba ya ware mai kyau daga maras kyau a wannan sashe kamar yadda yake yi a sauran, kuma a ganina wannan gibi ne a wurin da ya yi suna da rarrabe kaya. Ga daɓe da bakin ƙofa da magudanar ruwa ta wadatar. Ga rufin kankare ko ginshiƙin bene, ni ba zan ba kowa shawarar ya yi tsimi a nan ba.

Farar tsakuwar da ke cikin buhuna daga yankin Figil ake kawo ta, kuma ita ce ta fi jan idon matan gida da masu son ado. Mabul ne, irin wanda ake haƙowa a Bidzar. Asalinsa dutsen farar ƙasa ne da ya taru a ƙarƙashin ruwa tun zamani mai nisa, daga baya zafi da nauyin ƙasa suka gasa shi ba tare da ya narke ba, ƙwayoyinsa suka sake haɗuwa suka zama masu ƙyalli kamar sukari. Wannan dutse ne ya sa Figil ta zama garin siminti da farar ƙasa: a masana'antar CIMENCAM da ke can ana niƙa shi tare da yumɓu a ƙona a zafin da ya kai digiri 1,450 kafin a samu siminti, farar ƙasar shafe bango kuwa zafin wajen digiri 900 ya ishe ta. Ke nan wanda ya zuba kankare da simintin Figil da tsakuwar giranit da yashin Binuwai ya haɗa duwatsun yankin nan ne wuri guda. A kan falalen mabul na Bidzar ɗin nan ne kuma ake samun tsofaffin zane-zanen da mutanen zamanin baya suka sassaƙa, da'irori da layuka masu sarƙewa, abin da ya kamata duk mai haƙar dutse a wannan yanki ya riƙa tunawa da shi kafin ya kafa guduma.

Kyan mabul ba ya nufin ƙarfi, kuma a nan ma mai wurin bai yi rowar bayani ba. Ma'adinin da ya yi shi a mataki na 3 yake a ma'aunin tauri, saboda haka wuƙa tana zana shi, yashin da ake shigowa da shi a takalmi kuma yana dusashe masa ƙyalli a hankali. Abu mai tsami yana cinsa. Yaron wurin ya matsa lemon tsami a kan garin dutsen a gabana, nan take ya fara fitar da ƙananan kumfa. Don haka tarazon da aka yi da shi, wato daɓen siminti da tsakuwa da ake gogewa ya yi santsi, ya dace da falo da ɗakin kwana, inda yake da sanyi a ƙafa a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, amma bai dace da madafa ba, inda ruwan tsamiya da na lemo suke zuba, haka kuma bai dace da banɗaki ba, inda ake wanki da sinadarai masu kaifi.

Akwai ɗan tarin baƙin dutse mai nauyi a kusa da rumfar mai wurin, wanda direbobin da suke dawowa daga Ngaundare suke sauke masa jefi-jefi. Wannan dutsen aman wuta ne, wanda ya fito sarari yana narke ya huce da sauri, shi ya sa ba a ganin ƙwayoyinsa da ido kamar na giranit, wani ma yana da ƙananan ramuka inda iska ta fita. Tudun Adamawa cike yake da shi, kuma tafkin Tison da ke kusa da Ngaundare tsohon bakin dutsen aman wuta ne. Ya fi giranit nauyi kuma yana da kyau ga titi, amma a Garwa kuɗin mota ya sa ya zama kayan ado kawai, kuma ban ga dalilin da zai sa mai ginin gida ya biya wannan tsada ba. Burji kuwa ba a cika samun matsala da shi ba. Jar ƙasa ce mai tsakuwa da tama a ciki, wadda ruwan sama da zafi suka bari bayan sun wanke sauran ma'adinan dutse na tsawon zamani, kuma idan aka jiƙa ta aka daddaɓe tana kamewa sosai. Na wurin ya yi mana cikon ɗakuna da hanyar shiga gida ba tare da ya zauna ba bayan damina.

Inda wurin ya fi ba ni haushi shi ne awo. Da tifa ake ciniki, alhali tifa ba girmanta ɗaya ba, kuma ko mota ɗaya ce lodin safe ba ya zama daidai da na yamma. Mita ɗaya ta kowane gefe ta tsakuwa tana kai wa wajen tan ɗaya da rabi, kuma da an auna tsawo da faɗi da zurfin bayan motar da an san abin da aka saya, amma babu sikeli a filin, babu kuma wanda yake riƙe da tef sai idan mai saye ya zo da nasa. Akwai lodin da aka kawo mana wanda samansa tsakuwa ce tsaf, da aka juye sai ga garin dutse da ƙasa sun yi yawa a ƙasansa, domin masu lodi sun kwashe har gindin tari. Da na koma na ce, “Alhaji, wannan lodi bai yi kama da abin da ka nuna mini ba,” bai yi musu ba, ya aiko da ciko washegari, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai gyara bayan ƙorafi ba ya maye gurbin tsari, domin wanda ba ya tsaye a wurin gininsa, ko wanda yake aiko da kuɗi daga Yawunde ko Duwala ana yi masa gini, ba zai taɓa sanin an rage masa ba. Takardar shaidar biya ma sai an nema ake rubutawa, a kan 'yar takardar da ba ta nuna girman tsakuwa ko yawanta.

Abu na biyu ya fi na farko nauyi, ko da yake ba aljihun mai saye yake taɓawa ba. Matan da suke fasa tsakuwa da samarin da suke lodi suna aiki ne cikin ƙura ba tare da abin rufe hanci ko tabarau ba, wasu matan ma da goyo a bayansu. Ƙurar giranit da ta dutsen yashi tana ɗauke da garin kwaz, wanda idan ya shiga huhu ba ya fita, a hankali yake taurara shi har numfashi ya gagara, kuma cutar ba ta da magani idan ta kama. Yayyafa ruwa a kan tari kafin a fasa ko a loda yana rage ƙurar sosai, kuma wurin yana da rijiya. Mutumin da ya san dutse har ya iya bambanta mai kyau da maras kyau ta hanyar sauti bai kamata a ce wannan ya wuce shi ba.

Ta fuskar farashi, wurin bai fi maƙwabtansa araha ba, a tsakuwar inji ma ya ɗan fi su tsada, amma ana ragi ga wanda zai ɗauki lodi da yawa. Mutanen Garwa ba su cika sanin sauƙin da suke ciki ba sai sun ji labarin Kusiri da Njamaina, waɗanda suke zaune a kan laka da yashi na kwarin Tafkin Chadi, inda babu dutse ko na jifa, har ta kai ana ɗauko wa Njamaina tsakuwa daga Dandi, wajen kilomita 100 daga birnin. A nan kuwa rabin abin da mai gini yake biya kuɗin mota ne, don haka nisan unguwa daga filin yana iya canza lissafi fiye da irin dutsen da aka zaɓa. Kai kaya yana tafiya daidai a lokacin rani, amma daga watan Yuli zuwa Satumba, idan hanyoyin shiga mahaƙa suka jiƙe, alƙawarin gobe yakan koma na mako mai zuwa, kuma tsakuwar tana zuwa da laka a jikinta, sai an wanke kafin a kwaɓa. Wanda yake da niyyar zuba kankare da damina gara ya sayi tsakuwarsa tun watan Afrilu ya jibge a wurin gini, ya je filin da kansa ko ya tura magininsa da tef da ƙusa da gorar ruwa, ya tsaya a yi lodi a gabansa, sannan ya biya rabin kuɗi ya riƙe sauran har sai an juye kaya ya ga gindin lodin.